Daga Fagen Fama Zuwa Dajin Farauta: Tarihin Sabunta Tsohuwar Bindiga Mai Sakata

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da ke shirin komawa gida daga Turai sun yi ta kwasar bindigogin Jamusawa a matsayin ganima. Sai dai Karabiner 98k, bindigar da sojan Jamus ke saɓawa, tsawonta ya kai mita ɗaya da santimita 11, ba ta shiga jakar kayan soja. Dabarar da suka yi ita ce su kwance ta, su raba ƙarfe da itace, su sa zarto su yanke itacen daidai ƙarƙashin zoben ƙarfen da ke ɗaure shi, ta yadda in an mayar da zoben zai rufe tabon. Har yau masu tara tsofaffin makamai kan zare zoben nan su duba kafin su biya kuɗi. Ga yawancin waɗannan bindigogi kuwa, yankan jaka somin taɓi ne, domin cikin 'yan shekaru an sake musu itace, an huda ƙarfensu, an ɗora musu madubin saiti, sun koma bindigogin harbin barewa.

Abin da ya haifar da wannan sana'a shi ne yawa. An ƙera Mosin-Nagant ta Rasha kimanin miliyan 37, Lee-Enfield ta Birtaniya kimanin miliyan 17, Karabiner 98k ita kaɗai fiye da miliyan 14. Da yaƙi ya ƙare, rundunoni suka koma ga bindigogi masu sarrafa kansu, sai rumbunan makamai suka cika da ƙarfe mai kyau wanda ba mai bukata. Makomar wannan ƙarfe ta rataya ne a kan abin da doka ta yarda da shi, da abin da kasuwa za ta iya biya, da kuma iyakar abin da shi kansa ƙarfen zai iya ɗauka.

Yadda sakatar take aiki

Duk wanda ya taɓa kulle ƙofa da sakata ya riga ya san rabin aikin. Maharbi yakan ɗaga mariƙin sakatar, ya ja ta baya, ta fiddo kwanson harsashin da aka harba. Ya tura ta gaba, ta ɗauko sabon harsashi daga ma'ajiya ta zura shi a mazauninsa a gindin bututu. Ya kwantar da mariƙin, haƙoran da ke jikin sakatar su shige gurbinsu su kulle. Waɗannan haƙora su ne ke tare ƙarfin fashewar albarushi, su hana shi dawowa fuskar mai harbi. Ƙarfen da sakatar ke kai da komowa a cikinsa, wanda kuma ake murɗa bututu a bakinsa, shi ne gidan sakata. Shi ne zuciyar bindigar, a jikinsa ake buga lamba, kuma shi ne abin da mai sabuntawa ke nema. Bututu da itace da kunama duka ana iya sauya su.

Tsarin ya faro ne daga bindigar Dreyse wadda Prussia ta karɓa a 1841. 'Yan'uwa biyu, Wilhelm da Paul Mauser, na garin Oberndorf a kudancin Jamus, suka inganta shi da samfurin 1871. Da Bafaranshe Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a 1884, ƙarfin harsashi ya ƙaru ƙwarai, sai ya zama dole a ƙara wa sakata ƙarfi. Amsar Paul Mauser ita ce Gewehr 98, wadda rundunar Jamus ta karɓa a 1898. Tana da haƙora biyu a gaba, da na uku a baya don ko-ta-kwana, da doguwar ƙugiya mai cafke gindin harsashi tun daga fitowarsa ma'ajiya har fitar kwansonsa, da kafofin da ke karkatar da iska mai zafi daga idon mai harbi in kwanso ya fashe. Birtaniya ta bi wata hanyar da tsarin James Paris Lee: haƙoran a baya suke, sakatar ta fi sauri, ma'ajiyar na cin harsasai 10 maimakon 5, amma ba ta kai ta Mauser ɗaukar harsashi mai ƙarfi ba. Wannan bambanci shi ya sa daga baya aka fi neman Mauser don sabuntawa.

Maharba sun riga kowa ganewa

Tun kafin ganimar yaƙi ta cika kasuwa, maƙeran bindiga na Landan sun ga amfanin sakatar soja. Kamfanin John Rigby ya zama wakilin Mauser a Birtaniya a ƙarshen ƙarni na 19. Yakan sayo ƙarfen daga Oberndorf, ya yi masa itace da saiti irin na Ingila, ya sayar da harsashin soja na 7x57 da sunan .275 Rigby. Da irin wannan bindiga Jim Corbett ya yi ta bin damisoshi masu cin mutane a arewacin Indiya. Da ita kuma W.D.M. Bell ya kashe mafi yawan giwaye fiye da dubu da ya harbe don haure a Karamoja da wasu sassan Afirka, ɓarnar da ke cikin abubuwan da suka sa gwamnatocin mulkin mallaka tsananta dokokin farauta. A Berlin, Otto Bock ya tsara harsashin 9.3x62 a 1905, mai ƙarfin kayar da ɓauna amma daidai tsawon sakatar Mauser 98, domin Jamusawan da suka zauna a yankunan mallakarsu na Afirka, ciki har da Kamaru, su sami bindiga mai sauƙin kuɗi.

A Amurka labarin ya biyo ta wata ƙofa. A yaƙinsu da Sifaniya a 1898, sojojinsu sun sha wuya a Kuba a hannun Mauser samfurin 1893. Darasin ya haifar da Springfield 1903, wadda ta yi kama da Mauser har sai da gwamnatin Amurka ta biya kamfanin dala 200,000 na haƙƙin ƙirƙira. Theodore Roosevelt ya sa aka gyara masa guda ɗaya don farauta, kuma ya tafi da ita doguwar tafiyarsa ta Afirka daga 1909 zuwa 1910, wadda ta faro daga gabashin nahiyar ta ƙare a Khartoum. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, samari da yawa sun dawo gida sun saba da sakata, kuma a 1923 aka kafa kamfanin Griffin & Howe a New York, wanda ya yi suna wajen mayar da Springfield ta soja bindigar farauta ta masu hali. Irin tasu ce Ernest Hemingway ya je da ita gabashin Afirka a 1933.

Milimita kaɗan tsakanin halal da haram

Sau da yawa doka ce ta koya wa maƙera sabuwar dabara. Bayan yarjejeniyar Versailles ta 1919, an taƙaita sojan Jamus zuwa mutum 100,000, an kuma sa takunkumi a kan bindigogi masu cin harsashin soja na 8x57. Maharban Jamus da ke da irinsu suka shiga tsaka mai wuya. Maƙera suka fito da harsashin 8x60, wanda kwansonsa ya ɗara na soja da milimita 3 kacal. Ana ƙara zurfin mazaunin harsashi kaɗan, bindigar ta tashi daga makamin yaƙi ta koma kayan farauta a idon hukuma, alhali bututu da sakata suna nan yadda suke.

Irin haka ta faru a Ostareliya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda jihar New South Wales ta taƙaita wa farar hula mallakar bindiga mai harsashin soja. Lee-Enfield kuwa ta cika ƙasar. Sai aka riƙa sa mata bututu mai ƙaramin rami, ana tsuke wuyan kwanson .303, aka sami .303/25 da .303/22, waɗanda manoma suka yi shekaru suna harbin dabbobin da ke musu ɓarna da su. A Amurka kuwa ƙarancin kaya ne ya yi aikin doka. Wanda ya dawo da Mauser ya tarar harsashinta ba ya samuwa a kantin ƙauye, amma kwanson .30-06 ko'ina akwai shi. Aka faɗaɗa mazaunin ya ɗauki wannan kwanso da kan harsashi na milimita 8, aka kira shi 8mm-06.

Zamanin araha

Shekarun 1950 da farkon 1960 su ne ganiyar sana'ar. 'Yan kasuwa irin su Samuel Cummings, wanda ya kafa Interarms a 1953, suka riƙa saye rumbunan makamai na ƙasashe sukutum suna jigilarsu zuwa Amurka. Mujallun farauta suka cika da talla, mutum ya aika kuɗi ta gidan waya a kawo masa bindiga har ƙofar gida. Ma'aikacin da ba zai iya sayen Winchester samfurin 70 ba, yana iya sayen Mauser ko Enfield da kaso kaɗan na kuɗinta, ya yi damina da rani yana gyara ta.

Aikin yana da matakai sanannu. Bindigar soja tana da nauyin kusan kilo 4, itace ya rufe bututunta kusan har baki don kada ya ƙona hannu a tsakiyar faɗa, kuma tana da maƙalin banati. Maharbin da zai wuni yana hawan tudu don harbi ɗaya ko biyu ba ya bukatar ko ɗaya daga ciki. Mai ƙaramin ƙarfi yakan yanke itacen ya goge shi ya tsaya nan. Mai ɗan hali yakan sayi sabon itacen walnot wanda aka riga aka fafe, kuma kamfanoni biyu na ƙaramin garin Warsaw a jihar Missouri, Bishop da Fajen, sun rayu a kan wannan ciniki. Daga nan sai madubin saiti, wanda ke jawo gyara uku a jere: a huda gidan sakata don kafa mazauninsa, a lanƙwasa mariƙin sakatar ko a sauya shi don kada ya doki madubin, a kuma sauya makullin kariya na Mauser wanda ke juyawa ta sama daidai inda madubin zai zauna. Kunamar soja mai tauri ce da gangan, don kada tsoro ko sanyi su sa soja harbi ba shiri, saboda haka ita ma akan sauya ta. Kamfanin Timney ya faro ne a 1946 da ƙera irin wannan kunama. A Birmingham ta Ingila, Parker-Hale ya yi aikin a matsayin masana'anta, yana mayar da Lee-Enfield bindigar farauta yana sayarwa a ƙasashen Kwamanwel.

Abin da ya rufe wannan babi ya zo ne ta hanyar wasiƙa guda. A watan Maris na 1963, Lee Harvey Oswald ya yi odar tsohuwar Carcano ta sojan Italiya, haɗe da madubi, daga wani kanti a Chicago a kan dala 19.95, da sunan ƙarya. Da ita aka harbe Shugaba John F. Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamba. Bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, majalisa ta zartar da dokar da ta hana sayar wa ɗaiɗaikun mutane bindiga ta gidan waya daga wata jiha, ta kuma hana shigo da rarar makaman soja. Sai a 1984 aka sassauta wa tsofaffin da ake ɗauka kayan tarihi ne.

Iyakar ƙarfe

Garin neman gira akan rasa ido, kuma a wannan sana'a maganar ba misali ba ce kawai. Springfield 1903 na farko-farko suna da aibi a ɓoye. Ma'aikata kan auna zafin ƙarfe da ido, ta kallon launinsa, kuma a rana mai haske sukan zarce kima ba su sani ba, ƙarfen ya ƙone ya zama mai saurin tsagewa. Wasu sun fashe a hannun sojoji. An gyara hanyar a 1918, amma har yau ana gargaɗi a kan masu lamba ƙasa da 800,000 daga masana'antar Springfield da ƙasa da 285,507 daga Rock Island. Sabon itace da sabon fenti ba sa warkar da wannan ciwo.

Akwai kuma tarkon awo. A 1905 Jamus ta ƙara kaurin kan harsashinta daga inci .318 zuwa .323, sunan bai sauya sosai ba, kuma sabon harsashi a tsohon bututu matsatstse yana ɗaga matsi zuwa inda ba a so. Akwai tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi, wadda in ta yi yawa kwanso kan tsinke. Masu tsara Lee-Enfield No. 4 sun yi tanadin wannan, suka yi kan sakata mai cirewa, girma huɗu, lamba 0 zuwa 3, domin a maye gurbinsa in bindiga ta sha aiki. Bututu ma yana da tsufansa. Maƙyastun harsasan soja na wancan zamani kan bar gishiri a ciki, gishirin ya ja laima, tsatsa ta cinye tsagin da ke murɗa harsashi, sai dai in an wanke da ruwa bayan kowane harbi. Saboda irin waɗannan haɗurra ne Birtaniya ke da gidajen gwajin bindiga, na Landan tun 1637, na Birmingham tun 1813, kuma doka ta ce bindigar da aka yi wa gyara mai taɓa ƙarfinta sai an sake gwada ta da harsashi mai ƙarin matsi an buga mata hatimi kafin a sayar.

Gwamnatoci ma sun yi

Ba talakan maharbi kaɗai ya san da tsohuwar zuma ake magani ba. Finland ta sami 'yanci daga Rasha a 1917 ta gaji tarin Mosin-Nagant, ta kuma sayo ƙari daga wasu ƙasashe. Maimakon ƙera sabon gidan sakata, masana'antunta irin su Sako da Tikkakoski suka riƙa ɗora sababbin bututu da itace da saiti a kan na Rasha, aka sami samfuran M27 da M28 da M39, waɗanda suka fi na asali kyan harbi. Da M27 da M28 Finland ta yaƙi Tarayyar Soviet a 1939. Har a shekarun 1980 ta gina bindigar gwanayen harbi, Tkiv 85, a kan waɗannan tsofaffin gidajen sakata, wasunsu tun na zamanin sarakunan Rasha.

Norway ta mayar da Karabiner 98k da Jamusawa suka bari zuwa .30-06. Isra'ila ta mayar da nata zuwa 7.62 na ƙungiyar NATO. Indiya ta ga cewa tsohuwar Lee-Enfield ba za ta jure wannan harsashi ba sai da ƙarfe mafi inganci, don haka masana'antar Ishapore ta ƙera sababbi a kan tsohon tsari a shekarun 1960. Birtaniya ta sabunta No. 4 na gwanayen harbi a 1970 ta kira su L42A1, suka je yaƙin Falklands a 1982. Dakarun sintiri na arewacin Kanada, waɗanda yawancinsu 'yan asalin yankin ne, sun riƙe No. 4 tun 1947 har kusan shekara 70, domin sakata ba ta daskarewa a sanyin da ke tsayar da bindiga mai sarrafa kanta. Ƙarewar kayan gyara ce ta sa aka sauya musu.

Dalilin da sana'ar ba ta kafu a nan ba

Lee-Enfield ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Ita sojojin rundunar Afirka ta Yamma suka saɓa, ciki har da dubban 'yan Arewa da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, kuma 'yan sanda sun daɗe suna riƙe da ita. Duk da haka ba ta taɓa zama bindigar maharbin ƙauye ba kamar yadda ta zama a Kanada da Ostareliya, kuma dalilin ya girmi yaƙin. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogi masu tsagi da harsasai na zamani a faɗin yankin da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu, ta bar musu bindigar ƙyastu da albarushin kasuwa. Baturen da ya zo farauta yana riƙe da Rigby, ɗan ƙasa yana riƙe da adaka. Ƙwarewar maƙeran gida ta tafi ne ga bindigar toka, wadda suka iya gyarawa suka kuma iya ƙerawa.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta ci gaba da wannan rabo. Ta kasa bindigogi gida uku. Na ɗurawa ta baki suna ƙarƙashin izinin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Na farauta suna ƙarƙashin Sufeto Janar. Na soja kuwa, waɗanda dokar ta ambata da awon harsashinsu har da .303 da 7.62, haramtattu ne sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ƙera bindiga ko gyara ta ma sai da izini. Ke nan abin da manomi a Kanada ke yi a ɗakin ajiyarsa ranar hutu, a nan laifi ne mai kai mutum kurkuku. Wannan tsohon rabo yana nan a bayan muhawarar da ake yi a yau, duk lokacin da aka ga maharba da 'yan sa-kai da bindigar toka suna fuskantar masu AK-47.

Reshe ya juye

Kasuwa ce ta ƙarasa abin da dokar 1968 ta fara. Remington ta fito da samfurin 700 a 1962, bindiga mai sauƙin ƙira wadda ta zo a shirye don madubi. Kuɗin aikin maƙeri ya yi ta hawa, na bindigar masana'anta ya yi ta sauka, har ya zama gyaran tsohuwa ya fi sayen sabuwa tsada. A lokaci guda, waɗanda ba a taɓa ba suka yi ƙaranci. Mai tara kayan tarihi yana neman wadda lambar sakatarta ta dace da ta gidanta da ta itacenta, hatiman masana'anta da na runduna suna nan ba a goge ba. Ga Mauser abin ya fi nauyi, domin bayan 1945 sojojin Faransa sun wargaza masana'antar Oberndorf, takardunta da yawa suka salwanta, sai hatiman jikin ƙarfe suka zama babbar shaidar da ta rage. Yau Karabiner 98k da ba a taɓa ba ta ninka wadda aka huda aka goge daraja, kuma an sami sabuwar sana'a ta mayar da waɗanda aka yanke zuwa kamanninsu na soja. Ana iya nemo itace da zobba da maƙalin banati, amma hudar da aka yi wa gidan sakata da hatimin da aka kankare ba sa dawowa.

Saboda haka maƙeri mai hankali a yau yakan fara da tambaya kafin ya ɗauki zarto: shin wannan bindiga cikakkiya ce, ko an riga an taɓa ta? In cikakkiya ce, shawararsa a bar ta. In an riga an yanke ta shekara 60 da suka wuce, kuma ƙarfenta ya ci gwaji, babu abin da za a rasa wajen yi mata sabon bututu da sabon itace, ta ƙara wasu shekarun a hannun jikan mai ita. Shi kuwa tsarin Paul Mauser bai tsufa ba. A 2013 kamfanin Rigby ya koma Landan bayan zaman da ya yi a Amurka, ya sake ƙulla hulɗa da Mauser, kuma manyan bindigogin farautar da yake sayarwa a yau ana gina su ne a kan sakata irin ta 1898.